Tsokar Kirikotayirod da Koyar da Karin Sautin Hausa

Darussan tsarin sauti a makarantunmu sukan ambaci maƙwallato da tantaninsa, amma ba kasafai suke bayyana abin da ke ɗaga murya ko sauke ta ba. Babbar mai wannan aiki ita ce wata ƙaramar tsoka da masana ke kira kirikotayirod.

Tsokar tagwaye ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a gaban maƙwallato. Ta taso ne daga guringuntsi mai siffar zobe da ke saman bututun iska, ta kama gindin babban guringuntsin nan mai siffar garkuwa wanda ke bayyana a wuyan namiji baligi. Idan ta tsuke, sai guringuntsin biyu su matso juna ta gaba, tantanin maƙwallato ya miƙe ya yi tauri, karkarwarsa ta ƙaru, murya ta yi sama. Idan ta saki, sai murya ta sauko. Misalinta kamar makaɗi ne da ke matse tsarkiyar kalangu. Jijiyar da ke motsa ta daban take da ta sauran tsokokin cikin maƙwallato, shi ya sa idan aka taɓa ta wajen tiyatar maƙoƙo, mutum kan ci gaba da magana amma ya kasa ɗaga murya.

A Hausa kuwa, ma'ana kan rataya a kan wannan motsi. Kuka na hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. Rubutun yau da kullum ba ya nuna bambancin. Lamarin ya fi muhimmanci a ƙasar Katagum, kamar Udubo ta Ƙaramar Hukumar Gamawa, inda malami zai iya tarar da ɗaliban da harshen gidansu Fulatanci ne, wanda ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti.

Don haka ana ba da shawarar a fara darasin daga jiki kafin allo. Ɗalibi ya ɗora yatsa a hankali cikin ɗan gurbin da ke ƙasan tudun maƙogwaro, ya ja wasalin "a" daga ƙasa zuwa sama, zai ji gurbin yana tsukewa. Bayan nan ne za a gabatar da karin sama, na ƙasa da faɗau. Ya dace a sanya wannan gwaji cikin horon malaman Hausa a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da takwarorinta.