Shirya Taron Fasahar Zamani a Lamashegu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Lamashegu, a kudancin birnin Tamale, zai ga yadda wayar salula ta shiga harkar ciniki. Tun shekarar 2009 da kamfanin MTN ya fara hidimar aika kuɗi ta waya a Gana, masu adashi da ƙungiyoyin taimakon marayu suka samu sauƙi, amma 'yan damfara ma suka samu ƙofa. Dukiyar ƙungiya kuwa amana ce, don haka ya wajaba a zauna a ilmantar da juna.

Akwai abin koyi. A 2008 gidauniyar GhanaThink ta fara taron Barcamp a Akara, daga baya ya iso Tamale. A irin wannan zama, mahalarta da kansu ke kawo batutuwan da za a tattauna.

Mai shirya taro ya fara da harshe. Idan an yi jawabi da Turanci kaɗai, iyayenmu mata za su tashi hannu rabbana, saboda haka a nemi tafinta na Dagbanci da Hausa. A kauce wa tsakiyar damina, lokacin da manoma ke gona, a ware lokutan salla, a tanadi janareta.

Kowa ya zo da wayarsa, a koya masa ɓoye lambar sirri da rubuta shiga da ficen kuɗi. Kafin a watse, kowace ƙungiya ta naɗa matashi guda da zai ci gaba da koyarwa. Da sanyin safiya ake kama fara.