Bawan Da Ya Koya Wa Jack Daniel Dafa Barasa

A jihar Tenesi ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari wai shi Lynchburg, inda ake yin barasar nan ta wiski mai suna Jack Daniel's. Sunan Baturen da ya kafa kamfanin ya zaga duniya a jikin kwalba, amma baƙin mutumin da ya koya masa aikin ya shekara fiye da 100 ba a jin sunansa sai a bakin mutanen garin. Watau kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sunan mutumin Nathan Green, ana yi masa laƙabi da Nearest, an kuwa haife shi cikin bauta wajen 1820. Iyayengijinsa suka ba da hayarsa ga wani mai wa'azin coci, Dan Call, wanda ke da gona da tukunyar dafa barasa a bayan gari. Green ne ke lura da tukunyar. A kan dafa masara a bar ta ta yi tsami, a turara a tari ruwan, sa'an nan a tace shi ta cikin gawayi kafin a ɗura a ganga. Wannan tacewa da gawayi ita ta bambanta wiskin Tenesi da saura.

Ana nan sai wani yaro, Jack Daniel, ya zo aikatau gidan Call, aka haɗa shi da Green don ya koyi sana'ar. Da aka hana bauta a 1865, Jack ya kafa nasa kamfani, ya ɗauki malamin nasa ya zama shugaban masu dafawa, yana ɗa mai cin albashi. 'Ya'yan Green da jikokinsa duk sun yi aiki a wurin. A 1910 jihar ta hana dafa barasa, Jack ya mutu a 1911, ba a sake hura wuta a Lynchburg ba sai 1938. Daga nan kamfani ya yi ta bunƙasa, sunan Green kuwa ya yi ta dushewa.

A 2016 jaridar New York Times ta tono zancen. Wata baƙar fata mai suna Fawn Weaver ta karanta, ta tashi takanas ta tafi garin. Ta bi tsofaffi da zuriyar Green gida gida, ta tara takardu da hotuna fiye da 10,000, har ta sayi tsohuwar gonar Call. A 2017 masu Jack Daniel's suka amsa cewa Green ne shugaban masu dafawarsu na farko. Cikin shekarar nan Weaver ta fito da wiski mai suna Uncle Nearest, a 2019 kuma ta buɗe matatarta a Shelbyville, a wata tsohuwar gonar kiwon dawaki. Wata daga cikin zuriyar Green, Victoria Eady Butler, aka ba aikin haɗa barasar, aka kuma kafa gidauniya mai biya wa zuriyar kuɗin karatun jami'a.

Kasuwa dai ba ta da tabbas. A 2025 kotu ta danƙa sabon kamfanin a hannun mai riƙo, saboda ƙarar bashin da ya haura dala miliyan 100.

Barasa haramun ce ga Musulmi, wannan ba gardama. Amma haƙƙin mai gumi abu ne da ya shafi kowa, musamman wanda ya bar garinsu yana aiki ƙarƙashin wani. Ko kamfanin ya tashi ko ya faɗi, sunan Nathan Green ya riga ya shiga tarihin Lynchburg, ba kuwa mai iya kankare shi.