Yadda Rubutu Ke Jawo Talla, Talla Ke Jawo Kuɗi a Shafukan Intanet

Mutum ya buɗe wani shafin intanet yana karanta bayani a kan kiwon kaji, sai ga tallar injin ƙyanƙyasa a gefe, ga ta abincin kaji a ƙasa. Ba mai shafin ne ya je ya nemo su ba, galibi ma bai taɓa jin sunan kamfanonin ba. Wata manhaja ce ta karanta rubutun, ta gane abin da yake magana a kai, ta yi gwanjon gurbin tallar cikin ƙiftawar ido, ta liƙa ta wanda ya fi tayi. Wannan shi ne tsarin talla mai bin batun shafi, kuma da shi ɗimbin marubuta a duniya ke cin abinci. Matasanmu da yawa sun ɗauka sirrinsa shi ne tara jama'a ta kowace hanya, su buɗe su latsa. Abin da nake son nunawa shi ne hajar da mai shafi ke sayarwa hankalin mai karatu ce a daidai lokacin da wata buƙata ta taso masa. Farashin wannan haja kuwa ya rataya ne a kan irin buƙatar da kuma gaskiyar mai karatun. Duk wanda ya gina shafinsa a kan wani abu daban, gininsa ba ya daɗewa.

Tarihin harkar ma haka yake nunawa. A 1994 ne shafin HotWired na Amurka ya sanya ɗaya daga cikin tallace-tallacen farko na intanet, ta kamfanin sadarwa na AT&T. A lokacin ana sayar da gurbi ne kamar yadda jarida ke yi, wakilin shafi ya zauna da wakilin kamfani su yi ciniki, saboda haka ƙaramin marubuci ba shi da rabo. A 1998 Bill Gross ya fito da GoTo.com, inda masu talla ke gwanjon kalmomi kuma ba sa biya sai an latsa. Google ya buɗe tsarin tallarsa na AdWords a 2000, sannan a 2003 ya sayi kamfanin Applied Semantics a kan dala miliyan 102, kamfanin da ya ƙware wajen sa kwamfuta ta gane ma'anar rubutu. A shekarar ce aka buɗe AdSense ga kowane mai shafi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. Mai sayar da igiya ba ya yawo gida-gida, a bakin kara yake kasa kayansa, domin wanda ya sayi sa yanzu shi ne mai neman igiya. Abin da AdSense ya yi shi ne ya mai da kowane shafi mai takamaiman batu irin wannan wuri, ya kuma ɗauke wa marubuci wahalar neman mai talla.

Yadda ake yi a aikace ba shi da wuyar fahimta. Mai shafi zai yi rajista, kamfanin ya duba ko rubutun nasa ne kuma bai saɓa ƙa'ida ba, sannan a ba shi 'yan layukan umarni ya dasa a shafinsa. Daga nan manhajar kamfanin za ta riƙa ziyartar shafin tana karanta kanun labarai da kalmomin da suka yawaita. Duk sa'ad da wani ya buɗe, sai a yi gwanjo kafin shafin ya gama bayyana, kuma tun 2021 wanda ya ci gwanjon a AdSense yana biyan abin da ya taya ne cif. A 2010 Google ya bayyana cewa mai shafi na karɓar kashi 68 cikin 100 na kuɗin tallar da ta fito a rubutunsa. Daga 2024 kamfanin ya koma biyan masu shafuka bisa yawan fitowar talla maimakon yawan latsawa, ya kuma ce kason da ke isa hannunsu yana nan kusan yadda yake. Ba a tura kuɗi sai sun kai dala 100, kuma kafin nan sai an aiko wa mutum lambar sirri ta gidan waya don tabbatar da adireshinsa. Akwai wasu dillalan, kamar Media.net da Divyank Turakhia ya kafa, wanda aka sayar a 2016 a kan kimanin dala miliyan 900, amma Google ne babba. A 2023 kaɗai tallace-tallacen da ya sanya a shafuka da manhajojin wasu sun kawo masa kimanin dala biliyan 31.

To me ya sa shafuka biyu masu baƙi daidai wa daida ke samun kuɗi mabambanta ƙwarai? Amsar tana wurin mai talla, domin shi yana lissafin ribar da zai ci ne idan mai karatu ya zama abokin ciniki. Kamfanin inshora ko na ba da bashi ko ofishin lauyoyi a Amurka zai iya cin dubban daloli daga mutum ɗaya, shi ya sa yake tayi mai tsoka. An daɗe da sanin cewa sunan wata cutar daji da ake kamuwa da ita daga sinadarin asbestos yana cikin kalmomi mafi tsada a gwanjon Google, saboda lauyoyi na rububin masu neman diyya. Mai karanta tsegumin taurarin fim kuwa bai zo da niyyar sayen komai ba, don haka tayinsa ƙasa yake. Ƙasar da mai karatu yake ita ma tana da tasiri, domin baƙo daga Amurka ko Jamus ya fi na Najeriya ko Indiya tsada, saboda can ne masu talla suka fi yawa kuma aljihun masu saye ya fi nauyi. Har lokaci na taka rawa: farashi na tashi a ƙarshen shekara sa'ad da ake sayayyar bukukuwa, ya faɗi a watan Janairu. A ce shafi na samun dala 1 a duk buɗawa 1,000, sai an buɗe shi sau 100,000 kafin a tura wa mai shi ko sisi. Wanda ke samun dala 10 kuwa buɗawa 10,000 ta ishe shi. Tazarar da ke tsakaninsu ta zo ne daga batun da suka zaɓa da mutanen da suka tara.

Nan ne kuskuren masu neman gajeriyar hanya yake fitowa fili. Wasu kan latsa tallar shafinsu da kansu, wasu su haɗa zaure a WhatsApp suna latsa wa juna, wasu su sayi baƙin bogi daga masu sarrafa na'urori. Wannan zamba ce ƙarara, domin kuɗin da ke fita na wani ɗan kasuwa ne da ya biya don a kawo masa mai saye, aka kawo masa iska. Kuma dillalin ba zai kau da kai ba, tunda kasuwarsa gaba ɗaya ta dogara ne ga yardar masu talla. A 2006 Google ya amince da sulhu na dala miliyan 90 a wata ƙara da masu talla suka shigar a jihar Arkansas kan latsawar bogi. Kamfanin na bin sawun na'urar da aka latsa da ita, da yadda baƙo ya shigo da abin da ya yi bayan latsawa. Idan ya ga alamar maguɗi yakan zare kuɗin ya mayar wa mai talla, ya rufe asusun, kuma wanda aka rufe wa ba a cika barinsa ya buɗe wani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan ma haka.

Wani zai ce ai ga masu kanun labarai na ruɗu suna kwasar kuɗi, ina amfanin wahalar rubutu mai kyau? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A lokacin zaɓen Amurka na 2016, matasa a garin Veles na ƙasar Masedoniya sun buɗe shafuka sama da 100 suna yaɗa labaran ƙarya a kan siyasar Amurka, kuma wasunsu sun samu kuɗi ta AdSense. Manhajar gwanjo ba ta da imani, duk inda ido ya taru nan take kai talla. Sai dai a duba ƙarshen irin wannan ciniki. A watan Nuwamba na shekarar Google ya sanar da hana tallarsa ga shafukan da ke yaudarar mutane game da ko su wane ne da abin da suke wallafawa. Kafin su an ga Demand Media, mai shafin eHow, wanda ya riƙa biyan marubuta 'yan daloli su zubo dubban gajerun rubuce-rubuce don farautar kalmomin da ake nema. Ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2011 da darajar da ta haura dala biliyan 1. Wata guda bayan haka Google ya fito da sabon tsarin tantancewa mai suna Panda don danne shafuka marasa nauyi, kuma kafin shekarar ta ƙare baƙin eHow sun ragu, hannun jarin kamfanin ya zube. Mai ruɗu yana iya cin kasuwar rana ɗaya, amma ba shi da mai karatun da zai neme shi idan aka toshe hanyar da yake bi.

Ƙorafi na biyu ya fi zurfi. Ana cewa yau talla ba batun shafi take bi ba, mutum take bi: ka duba takalmi a wani kanti, takalmin ya riƙa binka duk shafin da ka shiga. Haka ne, domin ana dasa wa manhajar shiga intanet wasu 'yan alamomi da ake kira kukis, kuma AdSense na haɗa wannan bibiya da karatun batun shafi. Amma bibiyar ba ta yi wa marubucin kirki alheri ba, tunda mai talla zai iya gane mai karatunsa a shafi mai daraja, sannan ya bi shi ya same shi da araha a shafin banza. Kuma ƙofarta na ta ƙunci. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, manhajar Firefox ta fara toshe kukis masu bibiya a 2019, ta Safari ta toshe na ɓangare na uku gaba ɗaya a 2020, Najeriya ma ta yi dokarta ta kare bayanai a 2023. A farkon 2020 kafar yaɗa labaran gwamnatin Holan, NPO, ta daina bibiyar baƙinta ta koma talla mai bin batu zalla, kuma kuɗin tallarta na intanet ya ƙaru a watannin da suka biyo baya. Duk sa'ad da aka rage leƙen asirin mai karatu, abin da ke rubuce a shafi ne ke komawa ma'aunin farashi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na dogaro ga kamfani ɗaya, kuma ba na ganin akwai mai iya kore shi. Google ne ke kawo baƙi ta hanyar bincike, shi ke gudanar da gwanjo, shi ke wakiltar mai talla, shi ke da ikon rufe asusu. A 2019 Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 1.49 saboda sharuɗɗan da suka hana shafuka karɓar tallar bincike daga abokan hamayyarsa. A Afrilun 2025 wata kotun tarayya a jihar Virginia ta yanke cewa ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a sassa biyu na kasuwar fasahar talla. Tun 2024 kuma ya fara ba da taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, ta yadda mutum zai iya samun abin da yake nema ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Wannan duk gaskiya ne, amma darasinsa yana ƙarfafa batuna ne. Marubucin da baƙinsa ke faɗowa kawai daga bincike yana hannun wani, wanda kuwa jama'a ke rubuta sunan shafinsa da kansu domin sun yarda da shi, yana iya sauya dillali ya ci gaba da sana'arsa.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani shinge na musamman. A jerin harsunan da AdSense ke karɓa akwai Larabci da Faransanci da Urdu da Bengali, amma babu Hausa, kuma ƙa'idar kamfanin ta hana sanya tallarsa a shafin da akasarin rubutunsa ke cikin harshen da ba ya jerin. Wannan rashin adalci ne ga harshen da miliyoyin mutane ke karantawa, kuma ya kamata a yi ta faɗa. Sai dai bai dace ya sa marubuci ya watsar da harshensa, ko ya cika shafi da Turancin sata don ya samu shiga ba. Haɗa talla da batu dabara ce da ba ta buƙatar izinin Google. Shafin da ke kawo sahihin farashin hatsi daga kasuwar Dawanau kowane mako yana tara daidai mutanen da dillalan taki da iri da buhuna ke nema. Wanda ke koyar da ɗinki yana tara abokan cinikin 'yan Kantin Kwari. Irin wannan mai shafi zai iya zuwa wurin ɗan kasuwa kai tsaye da adadin masu karatunsa na gaskiya, su yi ciniki babu kason dillali. Sharaɗin kawai shi ne ya bambanta talla da labari a fili, ya kuma ƙi tallar duk abin da ba zai so ɗan'uwansa ya saya ba, domin ranar da mai karatu ya gane an sayar da shi ga mayaudari, ya tafi ke nan, kuma mai talla zai bi bayansa.