Guzurin Musafiri da Ladan Na'ura



A shekarar 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya ratsa Alkahira kan hanyarsa ta zuwa Hajji, ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwannin Masar. Amma da ya komo daga Makka sai guzuri ya ƙare, ala tilas ya ci bashi a hannun attajirai. Ɗaya daga cikinsu, Sirajuddini ibn al-Kuwaik, mutumin Iskandariyya, ya haɗa sarkin da wakili don ya karɓo masa haƙƙinsa, wakili kuwa ya yi zamansa a Mali. Da shiru ta yi yawa, attajirin ya ɗauki ɗansa suka ƙetara Sahara, ya sauka Tumbutu a gidan Abu Ishaƙ al-Sahili, a nan ajali ya riske shi. Ibn Battuta ya ambaci kabarinsa, ya kuma ce ɗan ya ƙarasa Mali ya karɓi dukiyar. Ku duba fa, jama'a, bin bashi har da kabari a ƙasar wasu!

Yau ɗalibinmu da ke karatu a Azhar, ko falken da ya daɗe a Dubai, ba ya bukatar raƙumi, kati ne a aljihu. Sai dai kowane cirin kuɗi da katin yana da lada, kuma masu hannu a cikinsa uku ne: mai na'urar ATM, da bankinka na gida, da wanda ya yi maka canji.

Na ukun nan shi ya fi ɓoye kama. Idan ka sa kati, na'ura za ta tambaye ka cikin ladabi, wai ko kana so ta lissafa maka da kuɗin ƙasarku domin ka san abin da ya fita? To, wannan tayin alheri irin na dillali ne, la'adarsa tana cikin farashin da ya yanka. Ka ƙi. Ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake, fam idan Masar ce, riyal idan Saudiyya, dirhami idan Dubai, ka bar Visa ko Mastercard su yi canjin, domin galibi farashinsu ya fi sauƙi. Na maimaita: kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta.

Ladan mai na'ura kuwa sau da yawa ƙayyadadde ne, ko kaɗan ka cira ko da yawa, saboda haka wanda ya je sau goma ya biya sau goma. Gwamma ciri ɗaya mai kauri, a na'urar da ke jikin banki, a kauce wa ta filin jirgi da ta otal. Katin bashi kuma, ranar da ka ciri tsaba da shi ranar ruwa ke fara hawa, ga asara ga shubuhar riba.

'Yan uwanmu na Nijar sun ɗan huta, tunda sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma ita ce kuɗin ƙasashe 8 na Yammacin Afirka.

 Wanda zamansa zai kai shekara, da zarar ya sami iƙama ya buɗe asusu a can, a riƙa turo masa a dunƙule.