Yadda Suna Ya Sauya A Nahawun Ingilishi

Duk malamin da ya koyar da nahawun Ingilishi ya san babin suna ne ya fi yi wa ɗalibai sauƙi. Babu jinsi, jam'i kuwa galibi s a ke ƙarawa a ƙarshe. Shekara dubu da suka wuce ba haka abin ya ke ba.

A tsohon Ingilishi, watau wanda aka yi magana da shi har zuwa wajen 1100, suna yana da li'irabi kamar na Larabci, sai dai halayensa huɗu ne, na Larabci uku. Mu ɗauki stan, dutse. In shi ne mai aikatawa, ko shi aiki ya faɗa wa, sai a ce stan. In mallaka ce, stanes. In kuwa an nufi "ga dutse", sai a ce stane. Jam'insa stanas, stana, stanum. Jinsi kuma uku ne: namiji, da mace, da na uku wanda ba ya cikin biyun. Rana, sunne, mace ce, wata kuwa, mona, namiji, daidai da namu. Amma wif, wadda ma'anarta mace, tana cikin jinsi na uku, wifmann kuwa, wadda ta zama woman, namiji ce a nahawu.

An saba ɗora laifin rushewar wannan tsari a kan Normawa da suka ci Ingila a 1066. A ganina an zalunce su. Fassarar da wani limami ya rubuta tsakanin layukan Linjilar Lindisfan a ƙarni na 10 ta riga ta nuna jinsi ya fara rikicewa a arewacin ƙasar, tun Normawa ba su haye teku ba. Asalin abin yana ga lafazi. Mai Ingilishi yakan danna gaɓar farko ta kalma ya sassauta ta ƙarshe, li'irabi kuwa a ƙarshe ya ke zaune. Da haka a, da u, da e suka narke suka zama wasali ɗaya mai rauni, stana da stane suka daina bambanta a kunne. Zaman mutanen Denmak da Norwe a arewa da gabas tun daga 865 watakila ya ƙara wa abin sauri, gama tushen kalmominsu ya yi kusa da na Ingilishi, ƙarshensu ne dabam. Sashen ƙarshe na Tarihin Fitaboro, wanda ya tsaya a 1154, kusan babu jinsi a cikinsa. Kent da ke kudu ta riƙe ɓurɓushinsa har wajen 1340.

Aikin da li'irabi ya bari, jerin kalmomi ne ya ɗauka, da ƙananan kalmomi irin su to da of. Abin da ya tsira biyu ne: s ta jam'i daga stanas, da s ta mallaka daga stanes. Ita ta mallakar ma ta sake hali, gama yanzu tana iya manne wa ƙarshen yankin magana duka, kamar a the king of England's horse, inda dokin na sarki ne amma alamar tana jikin ƙasar. Sauran jam'o'in da ɗalibai ke kuka da su, feet, mice, oxen, sheep, ragowar tsofaffin rukunoni ne. Children kuwa jam'i biyu ne a haɗe: cildru, sa'an nan aka ɗora masa en.

Zubewar jinsi ba baƙon abu ba ne gare mu. A Hausar Zazzau da ta Bauci ana jin "rigan" inda Bakano zai ce "rigar". Sai dai Hausa ta riƙe jam'o'inta masu yawa, kuma lafazinta bai raunana wasalin ƙarshe ba, saboda haka dalilin namu ya bambanta da na Ingila.