Bauta Cikin Rigar Shari'a: Kurkukun Narkina 5 a Wasan Andor

Andor wasan kwaikwayo ne na talabijin wanda kamfanin Disney+ ya fitar kashi biyu, na fari a 2022, na biyu a 2025, kowane kashi da fita 12. Wanda ya tsara shi Ba'amurke ne, Tony Gilroy, babban ɗan wasan kuwa Diego Luna ne, mutumin Meksiko. Wasan yana daga cikin irin ƙagaggun labarun nan na kimiyya, watau waɗanda a ke kai mai kallo wasu duniyoyi cikin taurari, a nuna masa jirage da na'urorin da ba a ƙera ba tukuna. Reshe ne na Star Wars, wanda George Lucas ya fara a 1977, ya kuma ɗauko labarin shekara 5 kafin abin da ya auku a wancan fim na fari, lokacin da wata Daula mai ƙarfin gaske ta danne duniyoyi masu yawa, tawaye kuwa bai riga ya haɗa kai ba. Abin da ya sa wasan ya cancanci mai nazarin harshe ya tsaya a kansa shi ne wannan: Daular tana bautar da mutane dubbai, amma ba ta kiran abin da sunansa. Da kalmomin shari'a ta ke lulluɓe shi.

Fita ta 8 da ta 9 da ta 10 na kashin farko, waɗanda Beau Willimon ya rubuta, su ne zuciyar maganar. Jarumin, Cassian Andor, ya sa hannu cikin fashin albashin sojan Daula a wani wuri da a ke kira Aldhani, ya tsere da rabonsa, ya sake suna, ya tafi shan iska bakin teku. A can wani soja ya kama shi, ba don fashin ba, gama ba wanda ya san shi ne, sai don kawai yana tafiya kusa da inda a ke korar wasu. Aka kai shi gaban alƙali, aka karanta masa laifuffukan da bai yi ba, aka ce da wata 6 ne hukuncinsu, amma yanzu doka ta sake, shekara 6. Dokar nan kuwa, wadda aka laƙaba wa sunan kiyaye zaman lafiyar jama'a, fashin Aldhani ne ya jawo ta, har ta ƙara wa waɗanda ke ɗaure tun da can wa'adi. Watau dai mutumin ya faɗa ramin da shi ya haƙa, ba da saninsa ba, ba kuma da sanin masu jefa shi ba.

Kurkukun da aka kai shi, Narkina 5, gini ne a tsakiyar ruwa, fari fat, ba ƙazanta, ba sarƙa, ba mari, ba bulala. Ɗakunan kwana ma ba su da ƙyaure. Daɓen ginin duka ƙarfe ne da a ke iya sakar wa lantarki. Fursunoni suna tafiya ba takalmi, gandirobobi kuwa suna da takalma masu kare su. Hawa 7 ne na aiki, kowane hawa ɗaki 7, kowane ɗaki tebur 7, kowane tebur mutum 7, suna haɗa wasu ƙarafa awa 12 ba su san ko na mene ne ba, sa'an nan wasu su karɓe su. Teburin da ya fi aiki a yini a kan sa wa abincinsa ɗanɗano, wanda ya zo ƙarshe a kan sakar masa wuta. Mai lura da kowane ɗaki shi ma fursuna ne. Na ɗakin Cassian sunansa Kino Loy, wanda Andy Serkis ya fito a matsayinsa, mutum mai tsanani, ba ya son jin zancen kome sai aiki, domin saura masa kwana 249 ya fita.

Wannan lissafin kwanaki shi ne ainihin marin da ke ƙafarsu. A ɗakin kowane fursuna akwai wani ɗan allo mai nuna kwanakin da suka rage masa, kullum yana raguwa da ɗaya. Muddin mutum ya gaskata allon, shi da kansa zai tsare kansa, ya kuma tsare maƙwabcinsa, gama kowace fitina tana iya ƙara masa adadi. Shi ya sa gandirobobi kaɗan suka isa riƙe mutum wajen 5,000.

To, wace kalma ce ta dace da wannan hali? Yarjejeniyar hana bauta da aka ƙulla a birnin Janiba a 1926 ta bayyana bawa da cewa shi ne wanda a ke yi da shi kamar yadda mai dukiya ke yi da dukiyarsa. Hausa ma a kan mallaka ta gina kalmominta: ba a cewa bawa sai da ubangijinsa, wanda ya saye shi ko ya gaje shi, akwai kuma bacucane da aka haifa cikin bauta, da rinji inda bayi ke noma. A Narkina 5 ba wanda ya sayi kowa, ba wanda zai ce wane nawa ne. Ta wannan fuska sai a ce ai ɗauri ne, ko aikin tilas, irin wanda Turawan mulki suka yi wa talakawan Arewa a haƙar kuza ta Jos daga 1942 zuwa 1944, bayan kuwa su ne suka yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma bambancin ɗauri da bauta ba a tsananin wahala ya ke ba, a wa'adi ya ke. Ɗaurarre yana da ranar fita, kuma laifinsa ne dalilin aikinsa. Idan aka juya abin, ya zama bukatar hannuwan aiki ce ke sa a nemo laifi, ranar fita kuma ta zama ƙarya, to, sunan ɗauri ya saura fanko. Ba a cikin taurari aka fara wannan dabara ba. Gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana bauta a 1865, ya keɓe wanda shari'a ta kama da laifi, kuma ta wannan kafa jihohin Kudu suka yi shekaru suna kama baƙaƙen fata bisa ƙananan laifuffuka suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai.

Akwai wata kalmar Hausa da ta fi haska al'amarin, watau murgu, kuɗin da bawa kan biya ubangijinsa don ya bar shi ya yi sana'ar kansa, da begen ya tara abin fansa. Ba a faɗi wannan don a wanke bautar da ba. Iyayengiji da yawa sun ci ribar murgu fiye da ta rinji, gama bawa mai bege ya fi bawa mai sarƙa ƙwazo. Allon Narkina 5 begen nan ne aka tace shi, aka zubar da fansar.

Yadda asirin ya tonu shi ne mafi kyau a cikin wasan duka. Wani tsoho a teburin Cassian, Ulaf, wanda saura kaɗan ya gama wa'adinsa, ya yanke jiki ya faɗi. Aka kira likita, shi ma fursuna, ya duba ya ga ba magani, ya yi masa allurar mutuwa. A nan ne ya gaya wa Cassian da Kino abin da ya faru a hawa na 2: an sallami wani mutum daga hawa na 4, kashegari bisa kuskure aka mai da shi hawa na 2, mutanen wurin suka gane ba mai fita, aka sakar musu wuta aka kashe su, mutum 100. Tun zuwansa Cassian ke tambayar Kino yawan gandirobobin kowane hawa, Kino yana ƙin amsawa. A wannan dare ya amsa, ya ce ba su taɓa wuce 12 ba. Mai karatu ya lura, ba a ƙara wa Kino azaba ko ɗaya ba a ranar. Kalma guda ce kawai, wa'adi, ta rasa ma'anarta, sai mutumin da ya fi kowa biyayya ya zama shugaban bore.

Kashegari suka fasa bututun ruwa, daɓe ya jiƙe, da aka saki wuta sai ta lalace. Suka hau har ɗakin da a ke sarrafa ginin, Kino ya yi magana da fursunoni duka ta lasifikar da a da a ke ba su umurni. Suka kai bakin ƙofa, ba abin da ke gabansu sai ruwa, suka dinga faɗawa. A nan Kino ya tsaya, ya ce bai iya iyo ba. Daga cikin dubban nan, mutum biyu kaɗai aka nuna sun kai gaci, Cassian da wani Melshi. Sai a ƙarshen fita ta 12 aka nuna wa mai kallo cewa ƙarafan da su ke haɗawa na Tauraron Mutuwa ne, makamin da zai hallaka Cassian kansa a fim ɗin Rogue One na 2016.

Wasan bai rasa aibi ba. Fursunonin da aka nuna duk 'yan Adam ne, alhali a duniyar Star Wars wasu halittu ne Daula ta fi bautarwa; mutum-mutumin inji kuwa, masu magana da tsoro da baƙin ciki, kowane ɓangare yana mallakarsu, har 'yan tawayen, ba a tsaya an tambayi dalili ba.

A kashi na biyu maganar suna ta sake dawowa, da girma. Daula na bukatar wani ma'adini da ke ƙarƙashin duniyar Ghorman, ƙasar masu saƙa, haƙarsa kuwa za ta rushe ƙasar. Aka yi taron asiri, wanda Gilroy ya ce ya kwaikwayo shi daga taron Wannsee na 1942 inda manyan Nazi suka tsara hallaka Yahudawa. Abin da aka fara shiryawa ba bindiga ba ce, labari ne: a ɓata sunan mutanen a kafofin watsa labarai, a bar su su yi tawaye kaɗan, don in an kashe su a ce kwantar da tarzoma aka yi. Haka kuwa aka yi a dandalin birninsu. Sai wata 'yar Majalisar Dattawa, Mon Mothma, ta tashi a zauren majalisa ta kira abin kisan ƙare dangi, ta ambaci sunan Sarkin Daula, sa'an nan ta gudu da ƙyar. Ita kuwa Dedra Meero, jami'ar leƙen asirin da ta tsara makircin Ghorman, Daula ta kama ta daga baya bisa zargin fitar da asiri. A fita ta ƙarshe an nuna ta cikin farin tufafin fursuna, a ɗaki irin na Narkina 5, tana kuka.