Koyon Sana'a ta Waya: Yabo da Kukan Ɗalibai

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda annobar korona, yawancinsu kuma ba su buɗe ba sai wajajen Oktoba. Jihohi irin su Kaduna da Kano suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, malamai suka buɗe zaurukan WhatsApp. Mai karatun tarihi ya samu na lallaɓawa. Waɗanda abin ya fi ƙuntata wa su ne 'yan kwalejojin fasaha, masu koyon walda, wayarin, kanikanci da ɗinki.

In ka zauna da irin waɗannan ɗalibai, ba sa kushe intanet. Abin da suka fi yabawa shi ne maimaici. Malami a aji sau ɗaya zai nuna yadda ake haɗa wayoyi ya wuce, bidiyon YouTube kuwa ka tsayar, ka mayar baya, ka sake kallo, ba mai hararar ka. Matar aure mai koyon yankan riga tana iya kallo bayan ta sauke tukunya, ba ta biya kuɗin adaidaita ba.

Kukansu a kan aikin hannu yake. Tazarar da za ka bari tsakanin sandar walda da ƙarfe, da ƙarar da ke nuna wuta ta yi yawa har za ta huda aikin, ba a waya ake gane su ba. Sai oga ya tsaya a kanka, ya kama tsintsiyar hannunka ya gyara maka riƙo. Bakanike da kunne yake jin ciwon inji. Mai wayarin kuwa in ya yi kuskure, gidan mutane ne zai kama da wuta. Ba banza ba hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, take duba ɗakunan gwaji da kayan aiki kafin ta amince da kwas.

Ga kuma tsadar data, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga rashin wutar caji, ga bidiyoyin da galibi da Turanci ko Indiyanci suke. Masu yi da Hausa suna ƙaruwa, amma har yanzu ba su wadatar ba.

Abin da ɗaliban suka fi so, kuma a ganina suna da gaskiya, shi ne a turo bayani da zane ta waya su kalla a gida, awannin da aka rage a aji kuma a mayar da su wajen taɓa ƙarfe da almakashi.